Rigar Da Ahmed Musa Ya Sa Wa Hannu: A Tantance Ko A Sayar Haka Nan?

Duk wanda ya taɓa shiga karar Illela ranar Lahadi ya san ba a sayen sa ido rufe. Sai an buɗe bakinsa an duba haƙora, dillali ya tsaya shaida, sannan a sallama. Ɗan canji ma a kan hanyar Ƙonni ba ya karɓar takardar sefa sai ya murza ta ya ɗaga ta sama. To, rigar ƙwallon da ɗan wasa ya sa wa hannu ita ma haja ce, kuma tana da jabu.

A ce yayanka ya haɗu da Ahmed Musa a Kano a 2021, shekarar da ya dawo Kano Pillars, ya sa masa hannu a riga, shi kuma ya ba ka. Yanzu kuɗin NECO ya taso, wani daga Legas ya ga hoton rigar a Facebook yana so. Tambayarsa ɗaya ce: mene ne shaidar cewa hannun Musa ne? Kada ka ji haushi. Duk mai alƙalami zai iya kwaikwayon rubutu.

A Amurka akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, irin su PSA da Beckett. Suna gwada sa hannun da wasu na ɗan wasan da aka tabbatar, su duba tawada da tafiyar alƙalami, su ba da takarda mai lamba. Amma da dala ake biya, ga kuɗin aikawa da na dawowa, kuma ko sun ce jabu ce, kuɗinka ya tafi.

Inda kuɗi ke da yawa, ba a wasa da wannan. A watan Mayun 2022 kamfanin Sotheby's ya yi gwanjon rigar da Maradona ya sa a wasan Ajantina da Ingila na 1986, aka saye ta fam miliyan 7.1. Kafin nan ’yarsa Dalma ta ce ba da ita ya ci ƙwallayen nan biyu ba. Abin da kamfanin ya dogara da shi binciken ƙwararru ne, waɗanda suka gwada rigar da hotunan wasan.

Taka rigar ba ta Maradona ba ce, don haka ka yi lissafi. In kuɗin tantancewa ya kusa abin da mai saye ya taya, ko ya fi shi, a ganina ka bar zancen. Nemi hoto ko bidiyon lokacin da ake sa hannun. Wayar yayanka za ta nuna ranar da aka ɗauka. Wanda ya gani da idonsa ma shaida ne.

In kuwa a gwanjon kasuwa ka tsince ta da rubutun a jiki, ka faɗa wa mai saye haka, ya taya yadda ya ga dama. Kada ka rantse a kan abin da ba ka gani ba. Cinikin kuma da sanin babba a gida za a yi, kada rigar ta hau mota sai kuɗi sun shigo. Kafin nan a naɗe ta a ajiye a inuwa, kada a wanke, don sabulu da ranar Sakkwato suna cinye tawada.