Kafin ka tafi Nakuru neman hoton filamingo

In kana yawo a Instagram, da wuya ba ka ci karo da hoton Tafkin Nakuru na Kenya ba, tsuntsayen filamingo sun rufe bakin ruwa, ya yi jaja-jaja. To, bi a hankali, da yawan hotunan nan tsofaffi ne.

Ruwan tafkin mai kanwa ne, cikinsa gansakukar da suke ci ke tsirowa. Wajen 2013 ruwa ya cika ya tumbatsa, kanwar ta salance, abinci ya ragu, sai da yawansu suka koma Tafkin Bogoria mai maɓuɓɓugan ruwan zafi. Can za ka nufa. Nakuru dai karkanda na nan.

Mai son tattaki kuwa, ga Dutsen Longonot kusa da Tafkin Naivasha. Amma ka yi sammako, hawan ba wasa ba ne.