Zana Haƙori a Kwamfuta Kafin a Taɓa Baki

A da, in za a ƙera wa mutum haƙori, likita kan cusa masa wani abu mai danƙo a baki don ɗaukar siffar haƙoransa, sa'an nan a jira maƙerin kwanaki. A 1973 wani Bafaranshe, François Duret, ya kawo shawarar ɗaukar siffar da haske. A 1985 kuwa, a Jami'ar Zurich, Werner Mörmann ya yi wa majiyyaci aiki da na'urar CEREC, watau kyamara ta ɗauki ramin haƙori, kwamfuta ta zana cikon, inji ya sassaƙa shi daga tangaran nan take.

A ganina, fa'idar da ta fi sauri ita ce shiri. Likita yakan jujjuya hoton muƙamuƙi a allo, ya ga inda jijiya ta bi kafin ya huda ƙashi. Ku tuna yaran da zaizayar baki ta ci wa fuska, waɗanda akan kai Asibitin Noma na Sakkwato, nan kusa da Dingyadi. Gyaran irin muƙamuƙinsu lalle yana bukatar awo kafin yanka. Sai dai na'urorin suna da tsada, ga kuma bukatar lantarki marar yankewa.