Gidan Ɗan Hausa, Soron Ƙasa a Bayan Ganuwar Kano

Mu mutanen Kurfai, da muka buɗe ido muka tarar da kakanninmu cikin ɗakunan ƙasa da rumbunan gero a gindin duwatsun Dallol Boso, ba mu cika ɗaukar ginin laka abin da za a yi tattaki a je kallo ba, domin a wurinmu tubali mafaka ce da mutum yake haƙuri da ita kafin Allah Ya hore masa kuɗin siminti da kwano. Da wannan zato na bar Filinge, da shi kuma na tsaya a ƙofar gidan da ake kira Gidan Ɗan Hausa, a unguwar Nasarawa ta Kano, amma ban fito da shi ba.

Nasarawa a asalinta ba unguwa ba ce, gandun sarauta ne a wajen birni, inda Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya yi gidan hutu a ƙarni na 19, kuma ma'abota riwaya suna cewa gidan da muke magana a kansa mazaunin wani hadimin sarki ne mai kula da noman gandun. Da Ingilishi suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, aka naɗa Sarki Abbas, sai baƙin suka zaɓi zama a wannan gefe, nesa da cunkoson birni, kamar yadda Faransawa a daidai wannan zamani suka kafa barikinsu a Filinge. Ta haka gidan ya fita daga hannun bayin sarki ya shiga hannun sabuwar hukuma.

Mutumin da sunansa ya bi gidan shi ne Hanns Vischer, haifaffen birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1876, wanda ya zama ɗan Ingila, ya fara zuwa ƙasar Hausa cikin 'yan mishan, sa'an nan ya koma aikin mulki a Barno. A 1906 ya ratso Sahara daga Tarabulus, ta Murzuk, sa'an nan ta Bilma da ke cikin ƙasarmu ta yau, har bakin tafkin Cadi, tare da ayarin alhazai masu komowa daga Makka da 'yantattun bayi masu neman gida. Saboda yadda Hausa ta zauna a bakinsa, da yadda ya san ladubban zama da mutane, aka laƙaba masa Ɗan Hausa. Da aka ɗora masa al'amarin ilmi a Arewacin Nijeriya, ya buɗe makaranta a Nasarawa a 1909, sai ya gyara wannan tsohon gida, ya ƙara masa ɗakuna da bene, ya zauna a ciki.

Abin lura a nan shi ne, alhali yana da iko ya sa a yi masa irin ginin da ya saba da shi, sai ya miƙa aikin ga magina Kanawa, su kuwa suka yi shi bisa ƙa'idar da suka gada. Sun cuɗa jar ƙasa da ciyawa, suka mulmula tubali mai siffar ƙwai, suka shanya shi a rana, suka jera shi tsaye sahu bisa sahu, bango ya tashi da kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama, domin ya ɗauki nauyin kansa da na benen da ke bisansa. Na dafa wannan bango da tsakar rana, lokacin da ƙasar tsakar gida take ƙona tafin ƙafa, na ji shi da sanyi kamar gefen randa, kuma hikimar ba ɓoyayya ba ce: ƙasa mai kauri tana shanye zafin yini sannu a hankali, ba ta sake shi sai dare ya raba, sa'ad da mai gida yake bukatar ɗumi.

Amma inda gwanintar take haƙiƙa shi ne rufi. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta cin ta da sauƙi, sai dai gajeruwa ce, ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa in an shimfiɗa ta fiye da kamu huɗu ko makamancin haka, don haka da a kanta kaɗai aka dogara, da ɗakin Bahaushe bai wuce faɗin rumbu ba. Sai magina suka fito da dabarar da ake kira bakan gizo: a dasa azara cikin bango tana leƙowa, a ɗaura wata a kanta ta ƙara leƙowa gaba, daga wannan gefe da wancan, gaɓa bayan gaɓa, har su haɗu a tsakiya, sa'an nan a lulluɓe su da laka su zama baka guda. Idan bakuna suka gitta juna suka ɗauki tulluwa, sai a sami ɗaki mai faɗi da tsawo ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Wanda ya ɗaga kai a cikin Gidan Ɗan Hausa zai ga wannan aiki da adon da aka bi shi da shi, kuma lalle zai yi wa waɗanda suka yi shi addu'a, ko da yake gidan sunan wanda ya zauna a ciki ya riƙe, ba na waɗanda suka taka ƙasarsa ba. Daga waje kuwa ga zankwaye a kusurwoyin soro, ga indararo mai zubar da ruwan sama nesa da bango, ga yaɓen makuba da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa domin kare jikin gini daga damina.

A wannan gida Vischer ya zauna da matarsa Isabelle, wadda ta rubuta littafi da Faransanci a kan zamansu, kuma a wannan zamani ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen Rumawa a 1912. Malamanmu sun daɗe suna rubuta Hausa da ajami kafin a haife shi, kuma ba su yi kuskure ba da suka yi tsoron abin da makarantarsa za ta jawo wa allo da tawada. Duk da haka, baƙaƙen da nake rubuta wannan maƙala da su, waɗanda yaran Filinge suke gani a littattafan yaƙi da jahilci, suna da tushe a wannan unguwa. Yaƙin Duniya na Farko ya raba Vischer da Kano, ya rasu a 1945.

Bayansa ma'aikatan Ingilishi suka yi ta gadon gidan har aka sami mulkin kai a 1960, ya zama dukiyar gwamnati, yau kuma yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, wadda ta mai da shi wurin ziyara. Hadimin sarki, malamin makaranta, jami'an mulki, hukumar jiha: ba wanda ya gaji wani ta jini a cikinsu, amma kowane ya tarar da wajibi guda, wato a hau soro kafin ruwan farko a toshe tsaga, a share indararo, a sabunta yaɓe.

Kawuna yana da soro a Filinge, ƙarami ƙwarai in an gwada shi da wannan, amma shi ma da bakansa guda biyu da zankwayensa, kuma kowace bazara yakan kira mu yara mu ɗebo ruwa, yana cewa, "Ku taka da kyau, 'ya'yana, ƙasa ba ta son ganda." Da ya rasu, Allah Ya jiƙansa, aka raba gado bisa shari'a, magada suka watsu tsakanin Yamai da Kwatano, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya aiko da kuɗin yaɓe. Damina ta huɗu ce ta kayar da rufin. Da na koma bara na tarar an zare azarorin an yi rumfar awaki da su, kuma ko ɗaya gara ba ta taɓa ba.