Majinginar kujerar mota ta ƙi motsi? Ga inda ake fara bincike

Motocin hannu da ake saukewa a Maraɗi, waɗanda a da suke bin tashar ruwan Kwatano kafin rufe iyakar Benin a 2023 ya karkatar da mafi yawansu ta Lome, suna zuwa da kayan alatun da aka ƙera domin titunan Turai da Amurka. Daga ciki akwai kujerar direba mai aiki da lantarki, wadda ke tuna yadda mai ita yake son zama. Idan irin wannan mota ta fara zirga-zirga tsakanin Madarunfa da Ɗan Isa, ta sha ƙurar hunturu da gargadar hanyoyin ƙauye, wata rana sai a danna maɓalli majinginar ta ɗan motsa ta tsaya cik. Nan da nan a ce injin kujerar ya ƙone, a aika Maraɗi ko Kofar Ruwa ta Kano neman wani. Sau da yawa kuwa injin lafiyarsa lau.

A ƙarƙashin kujerar akwai ƙananan injinan lantarki: mai kai ta gaba da baya, mai ɗaga ta, da mai kwantar da majingina. Akwai kuma 'yar kwamfuta da ke ba su umarni. Ita ba ta ganin kujerar, ƙirga take yi. A jikin sandar injin majingina an ɗaura ɗan maganaɗisu, kusa da shi kuma akwai sansa. Duk juyin da sandar ta yi, sansa na aika bugun lantarki, kwamfuta na ƙirgawa kamar mai jan tasbaha, da haka take sanin inda majingina ta kai. Dabarar ta samo asali ne daga binciken Edwin Hall, wani masanin Amurka, a 1879. Idan kwamfuta ta kunna inji amma bugun bai iso ba, sai ta ɗauka wani abu ya tokare kujerar, ta yanke wuta. Shi ya sa majingina ke tafiya taku-taku, maɓallin tuna zama kuma ya daina aiki.

Wannan alamar ita ce mabuɗin bincike. Injin da ya ɗan motsa ya tsaya bai mutu ba. Wanda ke ƙara amma majingina ba ta gusawa, haƙoran giyarsa ne suka cinye. Idan kuwa babu ɓangaren kujerar da ke motsi ko kaɗan, a duba fis tun kafin a taɓa komai.

Mai gyaran wutar mota da ya san aikinsa da batir yake farawa. Cikakken batir yana nuna wajen bolt 12.6 a mita idan mota na kashe. Raunannen batir, ko wanda aka cire aka mayar, kan sa kwamfutar ta rasa lissafinta. A motoci da dama maganin shi ne a kai majingina ƙarshen gaba da ƙarshen baya, a sake saita ta yadda littafin motar ya tsara.

Daga nan sai na'urar bincike. Ƙanana masu arha lambobin matsalar injin mota kawai suke karantawa, masu farawa da harafin P. Matsalar kujera tana cikin masu farawa da B. A wasu motocin Toyota da Lexus, B2651 na nufin saƙon sansar majingina ba ya isowa. A lura, lambar ba ta ce sansa ta lalace ba. Cewa ta yi saƙo ya ɓace a hanya.

Hanyar kuwa waya ce, kuma a nan gizo ke saƙa. Wayoyin suna ratsa gaɓar da majingina ke lanƙwasawa, yau da gobe sai zaren jan ƙarfen ya tsinke a ciki, robar waje tana nan sumul. A leƙa ƙarƙashin kujera da tocila: ga yashi, ga ɓawon gyaɗa, ga gorar ruwa ta maƙale ta ja soket. A wanke mota da tiyo, ko a ratsa ruwa da damina a gefen Gulbin Maraɗi, danshi ya kwanta a kafet, bakin soket ya yi kore. Yawancin sansa wayoyi uku gare su: ta kawo wuta, ta komawa jikin ƙarfe, da ta saƙo. A auna ta farko da ta biyu, sannan a ɗora mita kan ta uku a danna maɓalli. Idan adadin yana canzawa yayin da inji ke juyi, sansa na aiki, sai a bi wayar zuwa kwamfuta ana ɗan girgiza ta. Idan wuta na isowa amma saƙo shiru, to laifin sansa ne, kuma da yake a cikin injin take, tare ake sauya su.

Akwai gargaɗi mai girma. Soket mai launin ruwan ɗorawa a ƙarƙashin kujera na jakar iska ne. Kada a soka masa fitilar gwaji ko mita. Kafin a cire kujera a kashe mota, a cire kan batir, a jira aƙalla daƙiƙa 90. Haka nan ɗaure ƙonannen fis da zaren waya, ko jawo wa inji wuta kai tsaye daga batir a bar shi haka, neman gobara ne.

Kada kuma a ɗauki gyaran nan a matsayin ƙawa. Majinginar da ta maƙale a kwance tana hana bel ɗin kujera zama daidai a ƙirji, direba kuma ya riƙa miƙo hannu da ƙyar zuwa sitiyari. Saboda haka mai mota a Madarunfa, kafin ya biya kuɗin inji, yana da haƙƙin ya tambayi mai gyara: Malam, ka auna batir? Ka duba soket da wayar gaɓa? Idan amsar a'a ce, sayen kaya bai zo ba tukuna.