Ruwan Sanyi da Rayuwar Aksolotil

Aksolotil dabbar ruwa ce, dangin kwaɗo, mai ƙafa huɗu da doguwar wutsiya. Asalinsa tafkunan kwarin Meziko ne, amma a yau sai a magudanan Sochimilko da ke kudancin birnin Meziko kaɗai ake samunsa a daji. Wurin tudu ne, ya haura mita 2,200 daga matakin teku, shi ya sa ruwansa ke da sanyi. A 1864 aka kai wasu birnin Faris, daga nan ne kiwonsu ya bazu zuwa ɗakunan bincike da gidaje. Sai dai duk inda aka kai shi, jikinsa ruwan tudu ya sani.

Ba ya iya daidaita zafin jikinsa. Yadda ruwa yake, haka jikinsa yake. Ya fi samun lafiya tsakanin digiri 16 da 18 a ma'aunin Salshiyos. Yana jure 20, amma idan ruwa ya wuce 24 ya daɗe a haka, ciwo ya shigo. Dalilin a fili yake. Zafi yana hanzarta aikin jikinsa, sai buƙatarsa ta iskar oksijin ta ƙaru, alhali a daidai lokacin iskar ke raguwa a ruwan: lita ɗaya tana riƙe kusan miligiram 10 a digiri 15, amma a digiri 30 abin ba ya kai 8. Ga shi kuma amoniyar da ke fita daga kashinsa ta fi dafi a ruwa mai ɗumi, ƙwayoyin cuta ma sun fi yaɗuwa.

Mai lura zai ga alamu tun da wuri. Dabbar takan daina cin abinci. Rassan nan shida masu kama da gashin tsuntsu da ke gefen kanta, waɗanda take numfashi da su, sukan lanƙwaso gaba. Wani lokaci farar funfuna kamar auduga takan fito a kansu. Abin da ke ɓata mini rai shi ne, mutane da yawa sukan ruga neman magani, ba su ko duba ma'aunin zafi ba.

Don sanyaya ruwan, a ajiye akwatin gilashin da ake kiwon dabbar a ciki nesa da taga da ɗakin girki, a ƙasa-ƙasa, inda iska ta fi sanyi. A cire murfin da ke toshe shi, a sa raga. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwan takan rage digiri biyu ko uku, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa idan iska na bugun jikinta mai laima. Ruwan zai riƙa raguwa, sai a cika da wanda aka kawar wa sinadarin kulorin.

Gorar ƙanƙara kuwa, wadda aka fi gaggawar jefawa ciki, dabarar ranar larura ce kawai. Takan sauke zafin farat ɗaya, tana narkewa ya koma inda yake, kuma wannan hawa da saukar yana galabaitar da dabbar. Gara ruwa ya tsaya a 20 yini guda da ya riƙa lilo tsakanin 16 da 23. Babban akwati ma ya fi ƙarami, domin ruwa mai yawa ba ya saurin sauyawa.

A gari kamar Kano ko Damagaram, inda zafin bazara ke haura digiri 40, fanka ba za ta wadatar ba ko kaɗan. Sai na'urar sanyaya ruwa, ita kuma sai da wutar da ba ta yankewa, dare da rana. Aksolotil yakan rayu shekara goma ko fiye, don haka mai son kiwonsa ya fara haɗa na'urar, ya auna ruwan safe da yamma na mako guda ko biyu, ya tabbata ba ya wuce 20, sannan ya kawo dabbar.