Tafsirin Littafi Mai Tsarki a Kiristanci

Tafsirin Littafi Mai Tsarki fanni ne na ilimin tauhidin Kirista da ke nazarin yadda ake gano ma'anar nassi da yadda ake aiki da ita. Kiristoci masu jin Hausa sun fi cewa fassara ko sharhi, sai dai kalmar fassara tana ɗauke da ma'ana biyu: juya magana daga wani harshe zuwa wani, da kuma bayyana manufarta. A tarihin Kiristanci da wuya a raba biyun, domin an rubuta Tsohon Alkawari da Ibrananci da ɗan Aramiyanci, Sabon Alkawari kuma da Girkanci, alhali yawancin masu bi ba su taɓa karanta shi da waɗannan harsuna ba. Tambayoyi biyu ne suka fi jawo saɓani: shin a ɗauki magana bisa zahirinta ko a nemi abin da take nuni da shi, kuma wa ke da ikon yanke hukunci?

Iskandariya da Antakiya

Tun a cikin Sabon Alkawari ake ganin karatu na nuni. A wasiƙarsa ga Galatiyawa, Bulus ya ɗauki labarin Saratu da Hajaratu a matsayin misalin alkawura biyu. Malaman Iskandariya ta Masar suka faɗaɗa wannan hanya, musamman Orijin, wanda ya rayu a ƙarni na 3. A ganinsa nassi kamar mutum yake, yana da jiki da rai da ruhu, kuma ma'anar zahiri ita ce jikin kawai. Malaman Antakiya, irin su Tiyodo na Mobsuwestiya (ya rasu a 428) da Yohanna Kirisostom (ya rasu a 407), sun ga cewa wannan hanya tana ba mai karatu damar cusa abin da ransa ke so, don haka suka tsaya kan nahawu da tarihi da manufar marubuci.

Agustin (354 zuwa 430), bishof na Hippo, inda birnin Annaba na Aljeriya yake a yau, ya yi amfani da nuni sosai. A labarin Basamariye mai tausayi, ya ce wanda 'yan fashi suka raunata Adamu ne, Basamariyen Almasihu, masaukin da aka kai shi kuma ikilisiya. Amma ya kafa ma'auni: duk fassarar da ba ta ƙara ƙaunar Allah da ta maƙwabci ba, mai ita bai fahimci nassin ba tukuna. Daga baya Turai ta zauna kan ma'anoni huɗu. Misalin da aka fi koyarwa shi ne na Yohanna Kasiyan, inda Urushalima take nufin birnin Yahudawa a tarihi, da ikilisiya, da ran mutum, da birnin sama.

Rikicin kalmomi a ƙarni na 16

Fiye da shekara dubu ikilisiyar yammacin Turai tana karanta fassarar Latin ta Jerom, wadda ya fara a 382 bisa umarnin Fafaroma Damasus. A wa'azin Yohanna Mai Baftisma da na Yesu akwai kalmar Girkanci metanoya, wadda asalinta ke nufin sauya tunani. Fassarar Latin ta ba da ita da lafazin da mutane suka riƙa fahimta a matsayin yin aikin tuba, wato furta zunubi gaban firist da cika abin da ya ɗora. Da Erasmus ya buga Sabon Alkawari na Girkanci a 1516, ya nuna bambancin. Shekara guda bayan haka, batu na farko cikin batutuwa 95 na Martin Luther a kan wannan kalma ya tsaya: tuban da ake nufi na dukan rayuwar mai bi ne.

Luther da kansa bai tsira daga zargi ba. A fassararsa ta Jamusanci ta 1522 ya ƙara kalmar da ke nufin kaɗai a Romawa 3:28, inda ake maganar samun kuɓuta ta wurin bangaskiya. Abokan hamayya suka ce ya yi wa nassi ƙari, shi kuma ya ce haka Jamusanci yake fitar da ma'anar. Har yau masu nazarin fassara na kawo wannan a matsayin misalin gardama tsakanin bin kalma da bin ma'ana. A Ingila, William Tyndale ya zaɓi taro a wurin da aka saba cewa coci, da dattijo a wurin firist, zaɓin da ya taɓa ikon manyan ikilisiya kai tsaye. An kashe shi a 1536.

Furotesta sun ce nassi kaɗai ne hukunci na ƙarshe, amma hakan bai hana su saɓani ba. A taron Marburg na 1529, Luther da Zwingli sun kasa daidaitawa kan maganar Yesu game da gurasar Jibin Ubangiji: jikinsa ce a haƙiƙa, ko alamarsa ce? Sun rabu ba tare da yarjejeniya kan wannan ba. A ɓangaren Katolika, Majalisar Trent ta zartar a 1546 cewa babu mai fassara nassi saɓanin fahimtar ikilisiya.

Kimiyya da binciken tarihi

Cikin ayoyin da aka kafa hujja da su a kan Galileo akwai labarin tsayawar rana a Joshuwa sura 10. An hukunta shi a 1633, kuma a 1992 Fafaroma John Paul na biyu ya yarda cewa malaman tauhidin wancan lokaci sun yi kuskure. A ƙarni na 19 masana a Jamus, irin su Julius Wellhausen, suka riƙa binciken nassi kamar kowane tsohon rubutu, suna cewa littattafan Musa biyar an haɗa su ne daga tushe daban-daban. Martanin masu ra'ayin riƙau a Amurka ya fito cikin jerin ƙasidun da aka buga tsakanin 1910 da 1915, kuma a 1925 aka gurfanar da wani malamin makaranta a jihar Tennessee saboda koyar da ka'idar Darwin. Cocin Katolika ta buɗe ƙofa ga binciken tarihi da na harshe a 1943.

Bauta da wariyar launin fata

A nan ne tasirin tafsiri ga al'umma ya fi fitowa fili. Masu kare bauta a Amurka sun dogara da Farawa sura 9, suna cewa an la'anci zuriyar Ham, wai su ne baƙaƙen fata. Nassin kuwa Kan'ana ya ambata da la'anar, kuma bai yi maganar launin fata ba ko kaɗan. Sun kuma kawo ayoyin da ke umartar bayi da biyayya. Bayin da kansu littafin Fitowa suka riƙe, suna ganin kansu a matsayin Isra'ilawa a hannun Fir'auna. Gardamar ta raba coci-coci. Baptis na kudancin Amurka sun ware a 1845, kuma sai a 1995 babban taronsu ya nemi gafara kan goyon bayan bauta. A Afirka ta Kudu ma an kafa hujja da labarin hasumiyar Babel don kare raba jinsuna, har ƙungiyar cocin Reformed ta duniya ta ayyana wannan koyarwa a matsayin karkacewa a 1982.

A Afirka da ƙasar Hausa

Da nassi ya shiga harsunan Afirka, masu karatu suka ga abin da 'yan mishan ba su jaddada ba. Sun ga Ibrahim da Yakubu da Dawuda da mata fiye da ɗaya, alhali taron bishof-bishof na Angilikan a Lambeth ya hana yi wa mai mata da yawa baftisma a 1888. Sai a 1988 taron ya sassauta bisa sharuɗɗa.

Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma Dokta Walter Miller, wanda ya yi aiki a Zariya da Wusasa, na cikin manyan waɗanda suka yi aikin. Masu fassarar sun tarar da harshen da kalmominsa na addini suka riga suka zauna ta hanyar Musulunci, sai suka ɗauki Allah, annabi, mala'ika, zunubi da tuba, amma suka yi amfani da Yesu a wurin da Musulmi ke cewa Isa. Byang Kato, malamin tauhidi daga Kwoi a kudancin Kaduna, ya yi gargaɗi a littafinsa na 1975 kan gauraya bishara da addinin gargajiya, yayin da wasu malaman Afirka suka ga al'ada a matsayin hanyar fahimtar nassi. A 2006 aka buga sharhin dukan Littafi Mai Tsarki a kundi guda wanda malaman Afirka kusan 70 suka rubuta, ƙarƙashin jagorancin Tokunboh Adeyemo na Najeriya.