Lambar Takarda: Arahar da Ke Cin Takardar Zama

Duk wanda ya yi yawo a titunan Bronx da Harlem cikin 'yan shekarun nan ya san abin. Ka bi layin motocin da aka jera a bakin titi, ka dubi bayansu, can za ka hangi wata ba ta da lambar ƙarfe, sai wata farar takarda a cikin leda, an liƙa ta da salatif ko an ɗaure ta da kusa biyu. A jikinta an rubuta Teksas, ko Niyu Jazi, ko Jojiya. Sau da yawa motar ba ta taɓa taka ƙasar Teksas ba, mai ita ma bai san hanyar garin ba. Hukumomin birnin Niyok sun raɗa wa irin waɗannan suna motocin fatalwa, domin kyamara tana ganinsu amma rajista ba ta san da zamansu ba.

Asalin lambar takarda halal ce. Idan mutum ya sayi mota a wurin dillali mai lasisi, ana ba shi ita ya riƙa hawa kafin ta ƙarfe ta fito: kwana 30 a Niyu Jazi, kwana 60 a Teksas a tsohon tsarinsu. Mutanenmu na zangon Kumasi da Nima ba baƙon abu ba ne a wurinsu, sun san lambar wucin gadi ta DV da DP a Gana, sun kuma san yadda wasu ke shekara suna yawo da su. Ɓarnar ta Amurka ta bunƙasa ne a 2020, lokacin da korona ta rufe ofisoshin rajistar motoci, aka sassauta wa'adi, 'yan sanda kuma suka rage tsayar da mutane. 'Yan damfara suka gane cewa abin da ake bukata kawai shi ne lasisin dillancin mota. Da zarar mutum ya samu, zai shiga kwamfutar jiha ya buga lamba iya son ransa, ko bai taɓa sayar da ko taya ba. A 2021 masu gabatar da ƙara na tarayya a birnin Hustan suka tuhumi mutum uku da fitar da lambobi kusan 600,000 ta hannun kamfanonin bogi. Shugabar hukumar rajistar motoci ta Teksas, Whitney Brewster, ta ajiye aiki a Fabrairun 2022 ana tsaka da wannan abin kunya, daga baya majalisar jihar ta yi dokar da ta soke lambar takarda daga 1 ga Yulin 2025. A 2023 ɗan jarida Jesse Coburn na jaridar Streetsblog ya bi sawun kasuwar a Niyok, ya tarar da dillalai masu lasisin Niyu Jazi da Jojiya waɗanda ba su da filin ajiye mota, ba su da kanti, sai na'urar buga takarda.

Me mai saye yake nema? Abu uku. Kada ya biya inshora, kada kyamarar gudu ta same shi, kada ya biya kuɗin gada. Tun 2017 aka cire masu karɓar kuɗi a gadoji da hanyoyin ƙarƙashin ruwa na hukumar sufurin Niyok, MTA, kyamara ce ke karanta lamba ta aika takardar biya. Tun Agustan 2022 kyamarorin gudu na birnin suke aiki dare da rana, tarar kowane kamu dala 50. Ranar 5 ga Janairun 2025 kuma aka fara karɓar dala 9 daga mai shiga Manhatan ƙasa da titi na 60. Duk wannan tsari a kan lamba ya dogara. Wanda ya ɓoye lambarsa ya fita daga cikinsa baki ɗaya, kuma kuɗin da gwamnati ke asara ne ya sa ta farka. A Maris ɗin 2024 Gwamna Kathy Hochul da Magajin Gari Eric Adams suka haɗa runduna guda daga 'yan sandan birni, na jiha, da na hukumomin gadoji, suka fara tare bakin gada suna kama motoci. A Satumba aka haɗa 'yan sanda da ma'aikatan tsaftar birni, aka ba su janwe, suna bin unguwanni suna ɗauke motar ko tana ajiye babu kowa a ciki. Daga nan kwanan mota a bakin titi ya daina zama mafaka.

Ba ina cewa Hausawa ne suka cika wannan kasuwa ba. Masu lambar takarda sun haɗa kowane jinsi, har da 'yan ƙasa masu hali da suke ƙyashin biyan kuɗin gada kawai. Abin da ya dame ni shi ne, idan aka kama, hukuncin takarda ɗaya ne amma raɗaɗinsa ba ɗaya ba ne, kuma namu ya fi zafi.

A duba yadda abin ke shigowa. Yaro ya iso daga Maraɗi ko Agadas ko Kumasi, ya sauka a ɗakin 'yan'uwa, mutum huɗu ko biyar. Ya samu aiki a wani rumbun kaya a Niyu Jazi ko can bayan gari inda jirgin ƙasa ba ya zuwa, aikin asuba. Ya tara dala dubu biyu ko uku ya sayi tsohuwar mota. Tun Disambar 2019 dokar jihar Niyok ta ba kowa damar yin lasisin tuƙi ko ba shi da takardar zama, don haka wannan ƙofa a buɗe take. Inda yake cin karo shi ne inshora. Bronx na cikin wuraren da inshorar mota ta fi tsada a duk Amurka, shi kuma sabon direba ne a idon kamfani, ko da ya shekara goma yana jan tirela tsakanin Kwatano da Yamai, domin wannan tarihi ba ya cikin kwamfutarsu. Ba a yi wa mota rajista a Niyok sai da inshora. Yana cikin wannan zullumi sai wani ɗan gari ya ce masa akwai wani bawan Allah da ke yin lamba, dala ɗari da 'yan kai, a turo maka ta WhatsApp ka buga. Ba daga bakin baƙo ya ji ba. Daga bakin wanda suke sahu ɗaya a masallaci ya ji, wanda ya tarbe shi a filin jirgi, wanda zai kira yaya ko kawu. Kunya da amana suka hana shi tambaya. Wasu ma da zuciya ɗaya suke saye, sun ɗauka wata rajista ce mai rahusa, musamman da yake mai sayarwa kan haɗa musu da wata takardar inshora, ita ma jabu.

To, ran da aka tsayar da shi fa? Tuƙi babu inshora a Niyok na jawo tara daga dala 150 zuwa 1,500, ko ɗaurin da bai wuce kwana 15 ba, a kuma karɓe lasisi na aƙalla shekara guda, sannan sai an biya wasu dala 750 kafin a mayar. Mota ta tafi ma'ajiyar 'yan sanda, kuɗin janwe da na kwana suna hawa, kuma ba za a sake ta ba sai an kawo rajista da inshora na gaskiya, abin da tun farko aka gudu. Da yawa sukan haƙura da motar. Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar masifar ita ce a rubuta masa laifin mallakar takardar jabu. A dokar jihar wannan laifi yana da matakai, ƙaraminsa na iya kai mutum gidan yari na kusan shekara, na gaba da shi kuma har shekara bakwai. Ɗan ƙasa zai ɗauki lauya, a sasanta, ya amsa ƙaramin laifi, ya biya tara ya koma gida. Baƙo kuwa, amsa laifin da ya shafi jabu ko yaudara na iya shiga cikin rukunin laifukan da dokar shige da fice ke ɗauka a matsayin zubar da mutunci, waɗanda kan hana katin zama na dindindin, su lalata neman zama ɗan ƙasa, su kai ga tasa ƙeya. Niyok na kiran kanta birnin da ke kare baƙi, amma duk wanda aka ɗauki zanen yatsunsa a caji ofis, zanen yana tafiya hukumar FBI, daga can ya isa ga jami'an shige da fice. Tun farkon 2025 kuma kowa ya ga yadda aka tsananta. Mutum ya ratso ƙasashe, iyaye sun sayar da gona ko shanu, ya shekara yana jiran ranar da alƙali zai saurari neman mafakarsa, sai takardar dala ɗari ta rushe komai.

Akwai haƙƙin da ya kamata kowa ya sani a nan. A shari'ar Padilla ta 2010 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa wajibi ne lauyan wanda ake tuhuma ya gaya masa idan amsa laifi zai iya jawo a kore shi daga ƙasar. Kada ɗan'uwa ya ce na amsa don a sallame shi ya koma aiki, sai ya tambayi lauyan gwamnatin da aka ba shi, da tafinta idan Turancin bai zauna ba, me wannan amsa za ta yi wa takardunsa. Neman tafintan Hausa a kotu ba roƙo ba ne.

'Yan kasuwar mota su ma abin ya shafe su ta wata fuska. Sana'ar sayen motocin gwanjo a Copart da IAA a tura su ta tashar ruwan Newark zuwa Kwatano, Lome ko Tema ta daɗe tana ciyar da gidaje a Kano, Zinder da Akara. Motar gwanjo sai an ɗauke ta a kan tirela, ko a nemi izinin wucewa na hukuma idan tana da lafiyar hawa titi. Mai son rage kuɗin ɗauka sai ya manna takarda ya ja ta da kansa. In aka kama, ba motarsa kaɗai ta tafi ba, sau da yawa kuɗin wani Alhaji ne a gida da ya turo bisa amana.

Gaskiya kuma ba ta da ɓangare ɗaya. Tsayar da mota a Amurka ba ƙaramin abu ba ne ga baƙar fata. A Disambar 2020 'yan sandan garin Windsor a jihar Bajiniya suka zare wa Laftanar Caron Nazario bindiga, suka fesa masa barkono, yana sanye da kakin soja, alhali lambar takardarsa ta halal tana liƙe a gilashin baya. A Afrilun 2022 a Grand Rapids, an tsayar da Patrick Lyoya, ɗan gudun hijira daga Kwango, saboda lambar motar ba ta dace da motar ba. Ya ruga, aka yi kokawa, ɗan sanda ya harbe shi a ƙeya. Duk lokacin da na ji an ce za a ƙara yawan tsayar da motoci, waɗannan biyun nake tunawa. Sannan 'yan jarida a Niyok sun sha ɗaukar hotunan motocin ma'aikatan gwamnati, har a ƙofar caji ofis, da lambobi a kankare ko a lanƙwashe. Hukumar da ke son jama'a su yarda da aikinta sai ta fara share ƙofar gidanta. Ina kuma ganin kama mai saye ɗaya-ɗaya a bakin gada ba zai kai ko'ina ba muddin jihohi na ba da lasisin dillanci ga wanda ba shi da ko mota ɗaya ta sayarwa. Ɗauke mota da janwe tana ajiye ya fi mini tsayar da direba a titi, domin ba a zare bindiga a kan motar da babu kowa a ciki.

Amma duk da haka ba zan ce a bar motocin fatalwa su ci gaba da yawo ba, domin na san su wa suke bugewa. Su waye a kan titi da tsakar dare cikin sanyi, a kan keke da babur, suna kai abincin DoorDash da Uber Eats? Yaranmu ne, da 'yan Gini da Senegal da Mali. Su waye ke tsallaka manyan titunan Bronx da yara riƙe a hannu za su makarantar allo ranar Asabar? Matanmu ne. Direban da ya san babu mai iya gano shi ba ya taka burki kamar wanda ya san tara za ta same shi a gida, in kuma ya yi karo, gudu ne farkon abin da ke zo masa. Wanda aka buge ya rasa wanda zai kama, ga kuɗin asibitin Amurka. Jihar Niyok tana da wata hukuma, MVAIC, da ke biyan waɗanda mota marar inshora ko wadda ta tsere ta raunata, amma tana da sharuɗɗa, ciki har da kai rahoto ga 'yan sanda cikin awa 24 idan direban ya gudu. Baƙon da ke tsoron kaki yakan kwanta a ɗaki yana shafa man zafi har wa'adin ya wuce.

Mun iya haɗa kuɗi idan an yi rasuwa. Cikin kwana biyu ƙungiyoyin 'yan gari da masallatai kan tara abin da zai kai gawa gida ko ya sayi kabari a Niyu Jazi. Mata na zuba adashin da ke gina gidaje a Kumasi da Maraɗi. Kuɗin inshorar wata shida na sabon zuwa bai kai waɗannan ba, kuma bayan shekara biyu ko uku yana tuƙi babu laifi farashin kan sauko. Limamanmu kuma, da suke jan kunne a kan riba da cin amana, ya kamata su ambaci wannan da sunansa a huɗuba, da Hausa, yadda yaron da ya zo watan jiya zai gane. Mai tura lambar ta waya ba ɓoyayye ba ne a cikinmu. An san shagon da yake zama, an san lambar wayarsa, kuma ran da janwe ya ɗauke motar yaro, ko aka sa masa ankwa a bakin gada, wayar ba ta shiga.